Wa Za a Yi wa Takwara?

Ku gyara zama. Na san labarin nan sai ya haɗa ku musu, don haka kada wanda ya katse ni sai na dire.

A wani gari an yi wata yarinya, Hassu, 'yar Malam Iro mai sayar da hatsi. Tana ƙarama zazzaɓi ya kama ta, ya sake ta, amma ya tafi da jinta. Ba a dukanta, ba a zaginta, sai dai an ajiye ta gefe kamar tsohuwar tukunya. In baƙi sun yi sallama, a tura ta ɗaki. In an tuƙa tuwo, a zuba mata nata daban, ta ci a bayan madafi. Da an bar ta haka, da a can za ta tsufa.

Sai gwaggonta Barmani ta zo ganin gida. Mace ce mai zafi, kowa na shakkar bakinta. Ta ga yarinya na ci ita kaɗai, ta ɗauke kwanon ta juye a na sauran yaran. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Iro, ka ji kunya! 'Yarka ce ko akuya ka ɗaure?" Daga zuwa kwana biyu ta share damina a gidan. Ita da Hassu suka ƙago wa komai alama: shafa gemu shi ne Baba, juya hannu shi ne tuwo. Ta kafa doka, duk mai son ƙari sai ya roƙa da hannu. Yunwa ta koya wa kowa, har maigidan.

Da Hassu ta isa shiga makaranta, hedimasta ya ce ba su da wurin kurma. Malama Nasiba ta aji ɗaya ta ce a ba ta ita, in abin ya gagara a ɗora mata laifin. Ta zaunar da ita a bencin gaba, ba ta taɓa yin magana ta juya mata baya ba. Lokacin hutu, abokan aikinta na hutawa, ita tana birni wurin malaman kurame tana koyon maganar hannu. Ta dawo ta koya wa ajin gaba ɗaya. Hassu ta iya karatu, ta iya rubutu, ta yi ƙawaye har da na tsegumi.

Saura mutanen gari, kuma ku kun san halinmu. Ba a gayyatar Hassu biki, har wasu na cewa kada mai ciki ta kalle ta. Wannan maganar har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ladidi mai lalle, wadda duk amaryar garin sai ta bi ta hannunta, ta ɗauki Hassu ta koya mata zane. Sannan ta ce, "Gidan da Hassu ba za ta shiga ba, ni ma ƙafata ba ta taka shi." Ta rasa bukukuwa, har da na 'yar mai unguwa, amma ba ta janye ba. Amare suka gaji da zuwa ɗaki da lallen da ya cakuɗe, suka sauko. Ba a jima ba, hannun Hassu ake layi a kai.

A wurin wani biki ne wani tela, Tasi'u, ya gan ta tana ba ƙawayenta labari da hannu suna ta sheƙa dariya. Ya je ya koyi maganar don ya ji abin da ya ba su dariya, ƙarshe dai ya aure ta.

Allah ya ba su 'ya mace. Tasi'u ya nuna mata da hannu cewa zaɓin suna nata ne. Hassu ta zauna da jaririya a cinya, abin duniya ya ishe ta. Ba don Barmani ba, da ba ta fito daga bayan madafi ba. Ba don Nasiba ba, da ko sunan ba ta iya rubutawa liman ya karanta. Ladidi kuwa, ba don ita ba, matan da suka cika gidan da barka ko ɗaya ba za ta leƙo ba. Ga rago an ɗaure, ga su nan su uku a ɗakin mai jego, kowacce na miƙa hannu a ba ta jaririya.

Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya ne. To, a cikin su ukun nan, wace ce ta fi cancanta a yi wa takwara?