Mai Gadin da Ya Ƙi Share Gindin Sabara

An yi wani mutum mai gadi a wani gandun daji na gwamnati a bakin hamada. Aka ba shi yanki guda ya lura da shi, aka ba abokin aikinsa yankin da ke kusa. Sai fari ya sauka, shekara uku ba ruwan kirki. Sabara da geza suka kaɗe ganye, ƙirare da yayi suka taru a gindinsu.

Abokin nasa, mutum ne mai son a yaba masa, ya ɗauki manjagara ya share yankinsa tas, ya sare busassun itatuwa, ya cinna wa sharar wuta. Wuri ya yi fes kamar tsakar gidan amarya. Shugaban gandun ya zo ya gani, ya ji daɗi, sa'an nan ya duba yankin mai gadi na farko, ya gargaɗe shi cewa in ya komo baɗi ya tarar da wannan ƙazanta, to, a bakin aikinsa.

Mutumin ya ji tsoro ƙwarai, gama yana da iyali. Duk da haka ya durƙusa, ya ɗebo yayi daga gindin wata sabara, ya hure shi a tafin hannu. Ga ƙananan iri baƙaƙe.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, barci suke yi, ba su mutu ba. In na share, me ruwa zai tarar?”

Aka yi masa dariya, shi kuwa ya ci gaba da korar awakin da ke shiga yankinsa kawai.

A shekara ta huɗu ruwa ya sauko. Kafin mako uku sabara ta yi toho, furanni farare da rawaya da ja suka rufe yankinsa, har baƙi suka riƙa zuwa kallo. Yankin abokinsa kuwa rairayi ne zalla, iska ta daɗe da kwashe abin da wuta ta rage.

To, ga ma'anar misalin nan. Irin shi ne Maganar Allah, busasshiyar sabara kuwa ita ce mutumin da muka fid da rai da shi. Na san a cikinmu akwai uwar da ɗanta ya shekara biyar bai taka ƙofar majami'a ba, har maƙwabta suna ce mata ta haƙura. Mama, ayoyin da kika koya masa yana ƙarami suna nan a kwance. Aiko da ruwa aikin Ubangiji ne, zai kuwa aiko. Ke dai kada ki ɗauki manjagara.