Fitilar Marakatam

An ce wai a can kudancin ƙasar Indiya, a wani gari na maƙeran tagulla da ke bakin kogi, an yi wani tsohon alƙali ana ce da shi Ekambaram. Mutum ne marar gaggawa, har masu ƙara kan yi gunagunin cewa kafin ya yanke hukunci, wanda ya zo da fushi ya manta abin da ya fusata shi. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba.

Mutanen garin mabiya addinin Hindu ne, kuma a cikin kayan gida babu abin da suke girmamawa kamar fitila. Kada mai karatu ya kawo aci-balbal a ransa, ko da yake dangin juna ne. Tasu ta tagulla ce, a ƙasa take tsayawa har ta kai ƙugun mutum. Tana da gindi mai faɗi da doguwar ƙafa, sai kasko mai baki biyar inda ake zuba man riɗi a jera lagwani, can a sama kuma ɗan tsuntsu. Da kakin zuma maƙeri yake fara siffanta ta, ya lulluɓe da yumɓu, ya narkar da kakin ya zuba tagulla a gurbinsa, sannan ya fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Kullum rana ta faɗi, matar gida takan wanke hannu ta kunna ta a gaban abin bautarsu. Sukan ce man shi ne kwaɗayin ɗan Adam, lagwani girman kansa, wutar kuwa sani ce mai cinye su duka ta bar haske. Sukan kuma ce alheri ba ya shiga gidan da ya tarar da duhu. Ni dai ba addinina ba ne, amma in na ga ƙauna ina gane ta, kuma a kan ƙauna labarin nan yake.

A garin akwai wata tsohuwa, Marakatam, wadda mahaifinta maƙeri ne, shi ya zuba mata fitilar da ta shiga ɗakin miji da ita. Ta haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Macen, Ponni, ta yi aure a wani gari mai nisa a hayin kogi. Namijin ya auro wata marainiya mai suna Kamaci, ba su daɗe ba ya rasu, bai bar ko ɗa ba. Kamaci ba ta da inda za ta koma, kuma ba ta nemi komawa ba. Ta zauna da surukarta shekara da shekaru, ita ce dafa abinci, ita ce wanka, ita ce jinya. Da ajalin tsohuwa ya zo, damina ce, kogi ya cika ya batse, Ponni ba ta sami hayewa ba sai bayan an gama komai. Tsohuwa kuwa ta tafi ba ta ce ga wadda za ta ɗauki fitila ba.

Nan al'adu biyu na garin suka yi karo. Ɗaya ta ce kayan da mace ta zo da su daga gidan ubanta na 'yarta ne. Ɗayar ta ce matar da take kunna tsohuwar fitilar gida ita ce mai gida, ranar da fitilar ta fita kuwa gida ya mutu, dangi su raba. Dangin marigayi mijin Marakatam, da ba a ga ƙeyarsu lokacin jinya ba, sai ga su sun cika tsakar gida suna auna ɗakuna da ido. Ponni ta ce za ta sa a zuba wa Kamaci sabuwar fitila wadda ta fi wannan, suka ce sabuwa ba ta riƙe gida.

Ponni ba muguwa ba ce. Baƙin ciki ne yake cin ta, don ba ta ga fuskar mahaifiyarta ta ƙarshe ba, kuma ba ta da wani abu nata da za ta riƙe. Kamaci ma ba mai kwaɗayi ba ce, sai dai in fitila ta haye kogi, ita ba ta da ɗakin kwana. Matan nan biyu suna son juna tun ranar da aka kawo Kamaci gidan, Ponni ba ta kiran ta sai da Anni, wato matar yaya. Ranar shari'a tare suka fito, suka ɗauko fitilar a kwance, ɗaya ta riƙe kai, ɗaya ta riƙe gindi, ba mai kallon 'yar'uwarta don kunya.

Alƙali ya saurari kowacce har ta gama. Masana da ke zaune a gefensa suka rabu biyu, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma duka hujjojin ba su da makusa. Ya bar su sai da muryoyinsu suka dushe, sannan ya sa aka tsayar da fitilar a tsakiyar fili. Ya ce da matan, "'Ya'yana, ku rufe idanunku. Kowacce ta tuna marigayiya kamar tana gabanta da faɗuwar rana. In kun gan ta, ku miƙa hannu ku taɓa fitilar."

Wasu suka fara raɗa cewa tsufa ya kama alƙali. Amma matan suka yi yadda ya ce. Ponni ta durƙusa, hannunta ya tafi kai tsaye zuwa tsakiyar ƙafar fitila, inda tagulla ta ɗan lotsa ta yi santsi. Kamaci kuwa tana tsaye, yatsunta suka sauka a kan baki ɗaya na kaskon, wanda ya fi sauran baƙi.

Ya tambayi Ponni abin da ya kai hannunta can. Ta ce tun tana ƙarama a ƙasa take zama in mahaifiyarta za ta kunna wuta, ba ta iya hango kasko, abin da take gani shi ne hannun Inna ya dafa ƙafar fitila, babban yatsa a wuri ɗaya kullum, har wurin ya ɗauki siffarsa.

Ya juya ga Kamaci. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a shekarunta na ƙarshe hannunta rawa yake yi, ba ta iya kai wuta ga lagwani. Ba ta kuma so a sani. Sai in tsaya a bayanta, in sa tafina ƙarƙashin nata, mu kai tare. A wannan bakin muke farawa. Ta kan ce, yau ma na kunna da kaina. In ce, kin kunna, Inna."

Ponni ba ta taɓa jin wannan ba. Ta fashe da kuka, ta ce ta janye, a bar wa Anni fitilar. Kamaci ma ta ce ita ba za ta raba 'ya da hannun uwarta ba, gara ta kwana a rumfar kasuwa. Sai ga sabuwar gardama ta tashi, kowacce tana tura wa ɗaya, dangi kuwa suka gyara zama, don maganar Kamaci ta yi musu daɗi.

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Da safe kuna jayayya a kan wa za ta ɗauka, yanzu kuna jayayya a kan wa za ta bari, kuma ko ta wace hanya ɗayarku za ta tafi hannu wofi. Ni kuwa na duba, ban ga abu ɗaya kuke nema ba."

Ya taso da kansa, ya riƙe ƙafar fitila da hannu ɗaya, ya kama kasko da ɗayan ya murɗa. Kasko ya cire tare da tsuntsunsa. Maza suka zabura, suna zaton ya karya abu mai tsarki. Matan da ke baya kuwa suka rufe baki da gefen zane suna murmushi, don kowacce ta san gunduwa-gunduwa ake zuba irin wannan fitila, kuma haka ake kwance ta in za a goge da tsamiya da toka. Mazan garin sun tsufa suna sunkuya wa fitila, amma ba wanda ya taɓa wanke ta. Shi alƙali ya sani ne domin tun da matarsa ta rasu bai yarda wani hannu ya taɓa fitilarta ba sai nasa.

Ya miƙa wa Ponni ƙafa da gindi, ya miƙa wa Kamaci kasko. Ya ce maƙeri ya zuba wa wannan sabon kasko, ya zuba wa waccan sabuwar ƙafa, fitila ta zama biyu, kowacce rabinta tsoho rabinta sabo.

Wani baffan mijin Kamaci ya miƙe ya ce rabin fitila ba fitilar gida ba ce. Alƙali ya dube shi da taushin murya ya ce, "In ka shiga da yamma ka haɗa hannuwanka ka sunkuya, ƙafa kake fuskanta ko wuta? Wutar gidan nan a wannan kasko take ci tun kafin ka yi gemu, kuma kasko bai fita ba. Gida yana nan da ransa, da mai shi." Baffan ya koma ya zauna.

Sannan alƙali ya ƙara sharaɗi guda. Ya ce kowace shekara, ranar bikin fitilu, Ponni za ta haye kogi da tsohuwar ƙafa, a mayar da ita ƙarƙashin tsohon kasko, a kunna fitilar Marakatam yadda mahaifinta ya zuba ta. Wannan, in ji shi, ba shawara ba ce, hukunci ne.

Da bikin ya zagayo, Ponni ta zo da ƙafar a naɗe cikin zane. Suka goge tare, suka murɗa, kowane ɓangare ya zauna a gurbinsa kamar ba a taɓa raba su ba. Kamaci ta zuba mai, ta jera lagwani, ta ba Ponni wuta ta ce yau ita za ta kunna. Ponni ta dafa ƙafar, yatsanta ya faɗa cikin gurbin na mahaifiyarta, sai ɗaya hannun ya ɗauki rawa, ta kasa kai wutar. Kamaci ta matso ta bayanta, ta sa tafinta ƙarƙashin nata, suka kai tare.

Ponni ta ce, "Na kunna, Anni?"

Ta ce, "Kin kunna."

Abin da masu hankali suka ɗauka daga wannan labari shi ne: in mutum biyu suka kawo maka abu guda, kada ka yi saurin tambayar na wane ne, fara duba inda hannun kowannensu ya dafa.