Burgu Ya Nemi Kuɗin Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Burgu dai ya cika kasuwa da baki, wai ba a haifi mai kayar da shi a shari'a ba. Lokacin sun raba jari ke nan da Bushiya, bayan shekara guda suna cinikin gyaɗa. Mudu goma ya zuba, ta auno masa gomansa, ya ce atafau sai ɗari, wai har da kuɗin ruwa.

Bushiya, baiwar Allah, ko rumbunta aka kwashe ba ya kai ɗari. Amma ita ba ta gaggawa. Da Burgu ya kai ta ƙara, ta durƙusa gaban Alƙali Dila ta ce, "Allah gafarta Malam, a tambaye shi, a kan mudu nawa yake ƙarata?"

"Ɗari cif!" in ji Burgu. "Rubuta, Malam, rubuta!"

Dila ya rubuta, ya ce, "Ruwa haramun ne, goma ce taka. Ushirar kotu kuwa, ɗaya cikin goma, kan abin da ka yi ƙara ake cire ta. Ta ɗari nawa ke nan?"

"Goma, Allah gafarta Malam," in ji Bushiya, ta hau juye goman Burgu a buhun kotu.

Ana juyewa, gogan naku ya faki ido ya cika kumatu dam.

Dila ya ce, "Burgu, ka yarda da hukunci?"

Ya buɗe baki zai yi musu, sai gyaɗar kotu ta zubo warr a gaban jama'a.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, in ƙarya na yi ku murɗe mini kunne!