Ɓarauniyar Hanyar Illo

Wallahi ba lalle ku yarda da wannan labari ba, don shi kansa wanda abin ya faru da shi ba a saba yarda da maganarsa ba. Sunansa Illo, yana da rumfa kusa da tashar Sabon Birni, inda yake cajin waya, yana tura waƙa, yana gyaran kwamfuta. Bai gama sakandare ba, ya ce malaman ba su da sauran abin koya masa. Ga tsokana. Shi ne ya taɓa sauya wa wani mahauci ƙarar waya, aka kira shi tsakiyar kasuwa, aljihunsa ya hau kukan akuya.

Amma babban aibinsa shi ne cika baki. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana da lasisi, kuma in kwamfuta ta hau intanet don karɓar sabuntawa, akan duba ko lasisin na gaske ne. Illo na jabu yake sa wa mutane. Don kada binciken ya kama shi, sai ya kashe sabuntawar gaba ɗaya, ya kashe har manhajar da ke tsare kwamfuta daga ƙwayar cuta, don ita ma tana tona masa asiri. Wannan aiki shi yake kira ɓarauniyar hanya, irin wadda masu babur ke bi ta daji wajen Burkusuma don kauce wa shingen kan iyaka.

Wata rana taubashiyarsa Hafiza, ɗiyar gwaggonsa Hajjo ta Tsamaye, ta zo da wata kwamfuta ta hannu da ta samu don karatunta na aikin jinya. Mahaifinta, Malam Bawa, bai daɗe da rasuwa ba. Lokacin jinyarsa ta riƙa naɗar muryarsa a waya, yana ba da asalin gidansu, yana yi wa 'ya'yansa addu'a ɗaya bayan ɗaya, wani wurin yana tsokanar matarsa. Hajjo ta ce ba za ta iya saurara ba sai ranar da ta fita takaba.

"Ke 'yar ƙauye, mi kika kawo ma ubangidanki?" in ji Illo.

"Ubangidan wa? Kai da ko takardar gama makaranta ba ka da? Caji kawai za ka yi mani. Garin Isa za ni kai ta, Yaya Abdulrazak ya ce shi sa mata manhaja mai lasisi."

Illo ya yi dariya har da buga benci. "Lasisi! Wanga yayan naki tsoron Turawa zai kashe shi. Su can suna gadin ƙohwa, ni ta bayan gida nika shiga. Zauna ki ga aiki."

Kafin la'asar ya gama. Kwamfuta ta tashi tana sheƙi. Ya ga wayarta ta cika, sai ya kwashe muryoyin Malam Bawa ya zuba cikin kwamfutar, ya goge na wayar don ta samu wuri.

"To in wani abu ya samu kwamfutar hwa?" Hafiza ta tambaya.

"Abin da hannuna ya taɓa? Ke dai in kin ga ta nemi ki sabunta ta, kada ki yarda. Kwastan ne ke kiranki."

Hafiza ta riƙe wannan magana. Watanni suka wuce, kwamfuta ba ta karɓi gyara ko ɗaya ba. Ana saura kwanaki kaɗan Hajjo ta fita takaba, Hafiza ta kai filashinta, ɗan abin ɗaukar bayanai, wani shago aka buga mata takardun makaranta, ta dawo ta soka shi a kwamfutar, ashe ya kwaso ƙwayar cuta daga shagon. Da ta sake kunnawa, duk abin da ke ciki ya sauya suna. Ta taɓa wannan, ya ƙi buɗewa. Ta taɓa wancan, haka. Sai wani jan rubutu da Turanci yana cewa an kulle kome.

Ta ruga rumfar Illo. Ya danna nan, ya danna can, ya ce zafi ne. Ya hura mata iska, ya ce aljanun intanet ne. Hafiza ba ta yi dariya ba. Ta sa shi gaba har Isa, wurin yayanta Abdulrazak, wanda ke koyar da kwamfuta a wata makaranta.

Abdulrazak ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago kai. "Wa ya kashe sabuntawa?"

Illo ya ce, "Ai don kada su gane..."

"Ba su gane ka ba, ka yi nasara. Amma ka san mi ka kauce mawa? Ramin da wagga cuta ta bi ta shigo an daɗe da toshe shi. Duk kwamfutar da ke karɓar sabuntawa ta samu. Illo, kai ɗan kan iyaka ne. In makiyayi ya zagaye shinge da garkenai, kuma nan wurin shingen masu allurar shanu suka zauna, mi shanun suka samu?"

Aka kai kwamfutar Sakkwato, masu gyara suka gwada iyakar iyawarsu, suka ce sai haƙuri. Illo ya ce zai saya wa Hafiza sabuwa, ko rumfarsa zai sayar.

"Ba kwamfuta muka rasa ba," in ji Abdulrazak. "Abu guda za ka yi. Ranar hitar takaba, kai za ka gaya ma Inna da bakinka."

Ranar, da hantsi, gidan Tsamaye ya cika da mata. Hajjo ta yi wanka, ta sa sabon zane, ta zauna kan tabarma ta bar wuri kusa da ita inda za a ajiye kwamfutar. Illo ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa. Bakin nan da ba ya gajiya ya yi nauyi, amma ya faɗi kome, bai rage ba.

Hajjo ba ta zage shi ba. Can ta ce, "Illo, sa'adda kaka kwashewa, ka dai ji shi ko?"

"Na ji, Gwaggo. Muryatai ta ɗan tashi cikin rumhwa."

"To hwaɗa mani abin da ya ce. Ko kalma guda."

Illo ya buɗe baki. Ya tuna muryar tsohon tana fitowa a hankali, ya tuna kuma shi a lokacin yana ba abokansa labarin yadda ya fi Turawa wayo. Ya nemi kalma ɗaya cikin kansa, bai samu ba. Hajjo ta jira, ta jira, sannan ta jawo mayafinta ta rufe fuska.

Darasin wannan labari shi ne, ba duk binciken da ka tsallake ne ka ci riba ba. Mai wayo zai iya kauce wa duba lasisi, amma sau da yawa sai ya rufe ƙofar da kariya ke shigowa kafin ya iya. In ba ka da halin manhaja mai lasisi, akwai na kyauta na halal, ka tambayi masu sani. Kada ka hana na'urarka sabuntawa, kada ka ajiye abin da ba shi da madadi a wuri ɗaya. Kuma in an ba ka amanar kayan wani, ba wurin gwada wayonka ba ne.