Mutumin da Ya Hau Dutsen Galili da Rarrafe

Akwai wani mutum, manomin dankali, wanda Allah ya ba shi baiwar ban dariya. Bai fi maƙwabtansa gona ba, amma in ya buɗe baki a wurin gayya, sai ka ga ƙarti sun yar da fartanya suna riƙe da ciki. Ya iya kwaikwayon tafiyar kowa a ƙauyen, har da ta fasto, kuma faston da kansa yakan ce a sake yi ya gani. Mutumin nan yana da mata mai haƙuri da 'ya guda ɗaya, ƙaramar yarinya mai suna Keziya, wadda yake ƙauna kamar ransa.

A ƙauyen nan, kowace Litinin bayan Ista, iyalai sukan ɗauki abinci su hau dutsen da ke bayan gari, su yi waƙa, su ci, su sha, su wuni a can. Suna kiran wannan fita zuwa Galili, domin tunawa da inda Ubangiji ya sadu da almajiransa bayan ya tashi daga matattu. Hanyar dutsen ba wuya gare ta, sai wuri ɗaya dab da ƙwanƙoli, inda akwai wani falalen dutse a karkace, sumul kamar bayan ƙwarya.

Wata shekara, wajen saukowa, Keziya ta iso falalen nan, ta duba ƙasa, sai tsoro ya kama ta. Ta zauna, ta sauko da jan gindi tana kuka, har sabuwar rigarta ta Ista ta yage ta baya. Ubanta ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ku ba Kunkuru hanya!" Daga ranar, duk baƙon da ya zo gidan sai ya ga wasan. Mutumin zai zauna a tsakar gida, ya ja gindi, ya kwaɓe fuska, baƙi su yi ta tuntsira dariya. Ba da mugunta ya yi ba. Amma mai ban dariya, in ya sami abin da ke tashin mutane, da wuya ya waiwaya ya dubi fuskar wanda ake yi wa.

Sunan ya bi yarinyar rijiya, ya bi ta makaranta. Ita da a dā take rugawa ta tarbi ubanta in ya dawo daga gona, sai ta koma shigewa madafa in ta ji muryarsa. Shi kuwa bai lura ba, yana can yana ba duniya dariya.

Da Istar shekara ta gaba ta matso, Keziya ta fara cewa cikinta na ciwo, ba za ta Galili ba. Sai uwar ta sami mijinta ta ce, "Baban Keziya, ba cikinta ke ciwo ba. Ta ce mini gara ta zauna gida ita kaɗai da awaki, da ta sake hawa dutsen nan kana kallo."

Ya ce, "Haba, ai wasa nake yi!"

Ta ce, "Wasa ne a gare ka. Duk lokacin da kake wasan, ka taɓa ganin haƙorinta?"

Mutumin ya shiga tunani. Ya tuna fuskokin baƙi, ya tuna na maƙwabta, duk suna dariya. Ya nemi fuskar 'yarsa a cikinsu, bai samu ba. Abin ya soke shi ƙwarai, gama ya gane yana dab da rasa zuciyar yarinyar, ga ta kuwa a cikin gidansa.

Sai ya ce a ransa, to, an daina wasa ke nan. Ya ɗaure fuska tamau, ya shiga ya fita ba ko murmushi, gidan ya zama kamar ana zaman makoki. Keziya ta ɗauka fushi yake yi da ita, ta ƙara ɓuya. Matar ta dube shi ta ce, "Ni ban ce ka zama gunki ba."

Ranar Litinin da safe, ya saka farin kaftaninsa na zuwa sujada, wanda ya sha bula da guga. Ya tsuguna a gaban 'yarsa ya ce, "Keziya, na yi miki laifi, ki gafarta mini. Zo ki raka ni. Inda duk kika ce mu tsaya, nan za mu tsaya." Yarinyar ta ɗauki gorar ruwa ta bi shi.

Suka bar jama'a suka yi gaba, su biyu suna tafe a baya sannu a hankali. Da suka iso falalen, Keziya ta ja ta tsaya, ta ce a hankali, "Baba, nan."

Mutumin ya dubi dutsen, ya dubi 'yarsa. Can sai gwiwoyinsa suka fara karo da juna. Ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo ni! Keziya, wa ya ƙara wa dutsen nan tsawo? Bara ba haka yake ba!" Sai ga babban mutum da farin kaftani ya durƙusa, ya kama rarrafe. Hularsa ta faɗi ta gangara, bai ko kalle ta ba. Ya ɗan hau, ya zamo, ya waiwaya yana roƙon ƙafarsa. "Ke ta dama, ke ce babba, ki fara." Ya kasa kunne, sa'an nan ya ce wa Keziya, "Kin ji, wai ba ta zuwa sai an ba ta shinkafa."

Keziya ta toshe baki da hannu biyu, amma dariyar ta fi ƙarfinta, ta kuɓuce. Uban ya ji ta har cikin ransa, gama ya daɗe bai ji wannan muryar ba, sai dai bai bar rarrafen ba.

Ta ce, "Baba, ba nan ba! Sa hannunka a tsagar can!"

Ya ce, "Wace tsaga? Tsoro ya rufe mini ido. Zo ki nuna mini, 'yata."

Ta ajiye gora, ta taka dutsen, ta wuce gabansa, ta nuna masa tsaga. Ya kama, ya ce saura ta gaba. Haka ta yi ta jansa, tana yi masa faɗa, yana ta raki, har ta ɗaga kai ta ga tukwanen abinci da taron jama'a. Ashe ta haye.

Wani maƙwabcinsu ya hango ta, ya ɗaga murya ya ce, "Ga Kunkuru ta iso!" Nan take fuskar yarinyar ta canza. Amma ubanta, yana nan a durƙushe, ya noƙe kai cikin wuyan kaftani, sa'an nan ya miƙo shi a hankali yana ƙifta ido, ya ce, "Wa ke kirana? Ga ni." Wuri ya kaure da dariya. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun 'yarsa sama ya ce, "Wannan kuwa Keziya ce, ita ta hawo da ni. Duk mai neman kunkuru daga yau, ni zai tambaya." Mata suka rangaɗa guɗa, Keziya kuwa ta fi kowa dariya.

Da yamma ta yi, ta matso kusa da shi ta ce, "Baba, saukowa ta fi ba ni tsoro." Ya ce, "Ni ma haka. Yaya kika yi bara? Koya mini." Suka zauna gefe da gefe a kan falalen, suka ja gindi tare. Ba su kai rabi ba, sai aka ji kaftani ya yage ta baya. Yara suka gani, suka zube a kan dutsen suna bin su, matan zumuntar coci suka tattare zane suka bi, har fasto ya miƙa wa wani sandarsa ya zauna shi ma. Tun daga shekarar, ba wanda ke sauka daga falalen nan a tsaye. Keziya ce ta yi wa kaftanin faci da hannunta, shi ne kuma ubanta yake sakawa duk ranar Galili.

Ma'anar wannan misali ita ce: dariya baiwa ce daga wurin Allah, bai kuwa ce a kore ta daga gidajenmu ba. Mutumin nan ya gwada ɗaure fuska, bai dawo masa da 'yarsa ba. Baiwar da ya ji mata ciwo da ita, da ita ya warkar da ita. Abin da ya canza shi ne wurin da ya tsaya. Da fari ya tsaya a sama yana dariyar faɗuwarta. Daga baya ya sauko ƙasa, ya ɗauki kunyarta ya yafa a jikinsa, har sunan da ake tsokanarta da shi ya karɓe.

Haka Ubangijinmu ya yi mana. Ya gan mu muna rawar jiki a inda ba mu iya wucewa, bai tsaya a Sama yana nuna mu da yatsa ba. Ya sauko, ya ɗauki kunyarmu, aka yi masa ba'a a madadinmu, domin mu haye da farin ciki.

Saboda haka, iyaye, ku yi wasa da 'ya'yanku. Ku fita da su, ku hau dutse, ku je rafi, ku bar farin kaftani ya sha ƙura. Amma duk sa'ad da gida ya ɗauki dariya, ka waiwaya ka nemi fuskar ɗanka. In kowa yana dariya ban da shi, to, kai uba, durƙusa ka kama rarrafe.