Rawar Alhaji Mani

Akwai wani mutum a Mairuwa, sunansa Malam Yahuza, mai shagon taki da maganin feshi a bakin titi. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a, sai dai Allah Ya zuba masa gaggawa. Irin mutanen nan ne da ke kurɓar shayi bai huce ba, su ƙone harshe, gobe ma su sake.

A garejin gidansu akwai wata jar mota mai ƙofa biyu, doguwar hanci, 'yar ƙasa-ƙasa, kujerunta biyu kacal. Ta mahaifinsa ce, marigayi Alhaji Mani, direban babbar motar auduga. Ya same ta hannun wani Bature da ya gama aikin gona a Funtua zai koma ƙasarsu. Lokacin mutanen gari har da riƙe ciki don dariya, wai mai iyali ya kwaso motar da ko buhun dawa ba ta ɗauka. Alhaji Mani ko a jikinsa.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya goge ta tas, matarsa Inna Fatsuma ta shiga kusa da shi, su nufi Ruwan Godiya, garin iyayenta. Yahuza yana ƙarami akan cusa shi a ɗan lungun bayan kujeru, gwiwa a haɓa, amma ji yake duk duniya ba wanda ya kai shi. Har yau in ya rufe ido yana jin ƙamshin fatar kujerun nan gauraye da turaren Inna.

Da Alhaji ya rasu aka lulluɓe motar da tamfol. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Aka kuma shiga shekarun da hanya ta zama abin tsoro, Inna ta daina zuwa gida. Ana haka tsufa ya zo, idonta ya fara dushewa.

Wata rana bayan an kawar da amfanin gona, ta kira ɗanta.

"Yahuza, ina son in ga Ruwan Godiya kafin idon nan ya ida rufewa. Da ma a ce cikin motar babanka ne."

Maganar ta soke shi a zuciya. Nan take, yadda ya saba, ya yanke rana.

"Juma'a ta sama, Inna. Da yardar Allah a cikinta zan kai ki."

Ya bar shago, ya tare a gareji. Ya sauya batir, ya wanke tanki, ya nemo tayoyi. Ranar da injin ya tashi, Inna daga ɗaki ta ji ƙarar, ta share ido da bakin mayafi.

Ranar Alhamis da hantsi saura aiki ɗaya. Man birki na zuba ta ƙasa, kuma motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa ba a gyara ta sai an ɗaga.

Yahuza ya san yadda babansa ke yi. Sai ya sa ta a giya, ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyin baya da duwatsu. Alhaji bai taɓa yarda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ba. Yana da gajerun turame biyu na icen ƙirya da ya sa aka sassaƙa masa, yakan kifa su a kan katako, ya sauke motar a kansu.

To, turmi ɗaya Yahuza ya tarar. Ɗayan ya daɗe da shiga kicin, daga can ya bi ƙanwar Yahuza gidan aure a Sabuwa. Aikawa a ɗauko shi zai ci wuni. Zuwa Funtua neman ƙafafun ƙarfe irin na makanikai ma zai ci wuni. Shi kuwa gobe Juma'a.

Sai ya leƙa bayan rumbu, ya hango wani tsohon turmi jingine da bango. Ya kakkaɓe shi, ya duba, a ido lafiya lau. Da ya ɗauka ya ji bai yi nauyin ɗan'uwansa ba, amma mai sauri ba ya son jin irin wannan magana ko daga hannunsa ne.

Ya ɗaga motar, ya cire tayoyin gaba, ya kifa turamen, ya sauke ta a kansu, ya janye jak don kada ya tare masa hanya. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, ya tura kwanon tarar mai da tocila. Ya durƙusa ke nan zai kwanta, sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda.

Inna ce, tana lalube da bango.

"Ka ɗaga ta?"

"Na ɗaga, Inna. Yanzu zan shiga."

"Ka yi rawar kau?"

Yahuza ya yi dariya. Ya ma manta. Duk sanda Alhaji ya ɗora motar a kan turame, kafin ya shiga sai ya juya baya ya bangaje ta da ƙugu, ya zagaya ɗaya gefen ya sake, yana kaɗa kai yana murguɗa kafaɗa. Yaran gida su yi ta tsalle suna ihu, "Baba na rawa!" A wajen Yahuza wasa ne kawai na uba mai son ganin dariyar 'ya'yansa.

"Haba Inna, mi za ni yi da rawa da furfurata? Ƙofa a buɗe take, mutane na wucewa kasuwa."

"Su wuce. Ni dai ba ni tashi nan sai ka yi."

Ta laluba ta zauna a kan tsohuwar taya, ta ɗora haɓa a kan sanda.

Gaskiya ransa ya sosu. Rana na yi, aiki na jira, ga tsohuwa ta kafe kan wasan yara. Da wani ne da ya ce "to, na yi," ai ba gani take sosai ba. Yahuza ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya dube ta. Ta rame, ta tattare wuri guda, ta kafa ido inda take zaton yake. Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa, matar nan kewar mijinta take, me zai ragu a jikina in na faranta mata?

Ya juya baya, ya ɗan taɓa motar da ƙugu.

"Wannan ba ita ba ce," in ji Inna. "Ban ji motar ta amsa ba. Babanka da ƙarfi yake yi."

Wasu masu wucewa suka tsaya a ƙofa suna murmushi. Yahuza ya ce tunda abin ya zama haka, bari a yi mai dalili. Ya gyara tsayuwa, ya kaɗa kai irin na Alhaji, ya bangaje ta da gaske.

Sai ji aka yi ƙaras!

Tsohon turmin ya dare gida biyu. Ashe gara ta cinye cikinsa, ɓawo ne kawai ya rage. Hancin motar ya rikito ƙasa da wata ƙara da ta tashi kajin gida. Kwanon mai ya lotse kamar an taka gwangwani, tocila ta tarwatse. Da ya shiga, daidai nan ƙirjinsa zai kasance.

Yahuza ya zauna daɓas a ƙasa. Masu kallo suka ɗauki salati.

"Yahuza! Yahuza!"

Inna ta yar da sanda, ta miƙe tana lalube iska. Ya rarrafa ya kama hannunta.

"Ga ni, Inna. Ban shiga ba."

Ba ta yarda da bakinsa ba. Ta shafa kansa, ta shafa kafaɗunsa, ta danna ƙirjinsa da tafin hannu. Sai da ta tabbata sannan ta koma ta zauna.

"Ba wasa babanka ke yi ba," ta ce a hankali. "Ina amarya mota ta danne abokin aikinshi, aka zaro shi daga ƙarƙashinta a gaban idonshi. Ni na roƙe shi kada ya ƙara shiga sai ya girgiza ta ya ga ta zauna. Ya maishe ta rawa ne don kada ku ji tsoro."

Yahuza ya dubi motar. Ƙarfen gaba ya lanƙwashe, mai na bin ƙasa. Hawaye suka zubo masa, babba da shi.

"Inna, gobe ba za ta yiwu ba. Na yi maki alkawari na kasa."

"Ka yi aikinka a hankali," ta ce. "In idon ya riga mu, ba komai. Amma da ka shiga ƙarƙashin nan, wa zai kai ni?"

Ya yi a hankalin. Ya sa aka zuba siminti a garejin, ya je Funtua ya samo ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, kuma bai ƙara shiga ƙarƙashinta ba sai ya girgiza ta, da wani a kusa. Gyaran ya ja har bayan Sallah.

Ranar da suka isa Ruwan Godiya, idon ya riga su. Haske da inuwa kawai Inna ke rabewa. Dangi suka fito suna tambayar ko tana ganinsu, ta ce a'a, amma ba ta da ƙorafi. Ta fito daga motar riƙe da hannun ɗanta, shi ya kai ta har ƙofar ɗakin da aka haife ta.

Darasi: Kada gaggawa ta sa ka raina abin da iyaye suka nace a kai, ko da ka ɗauke shi wasa, domin sau da yawa akwai dalilin da ba su faɗa maka ba. Kai kuma mai gyaran mota a gida, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ko a kan abin da ba ka gwada ƙarfinsa ba. Akwai masu jiran fitowarka. Ku tura wa duk wani mai kwanciya ƙarƙashin mota da kuka sani.