Gurbin da aka rufe wa Jatau

Ga ta nan ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ku gyara zama, ta yau babu dariya.

Wani gari ne na masunta a bakin babban ruwa. Kifi ya yi ƙaranci. Sai Sarkin Ruwa ya kafa sanda da ganyen kaba a gurbin da kifi ke zuba ƙwai, ya ce kada kowa ya jefa homa sai baɗi. Shawara ce mai kyau, ba na musu.

Masu jirage suka nausa can nesa. Amma akwai wani Jatau, ba shi da komai sai goran iyo da homa, kuma a gurbin nan yake samun abin ciyar da 'yarsa Tasalla. Sai ya je gaban Sarkin Ruwa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni ina zan sa kaina?"

Sarkin Ruwa ya ce, "Yi haƙuri, Jatau. Mahaƙurci mawadaci."

Wanda ya ƙoshi ba ya rasa karin magana.

Da yunwa ta matsa, sai Jatau ya faki ido ya jefa homa. Sai ga tarwaɗa, ciki fal ƙwai. Ta ce, "Sake ni, masunci. Abin da ke cikina abincin garinku ne." Sai ya sake ta.

Ya sake komawa, ita dai ya kama. Ta ce, "Sake ni, saura kaɗan." Ya sake ta. Maƙwabta kuwa kowa ya ɗauka wani ya leƙa gidan, shi kuma kunya ta hana shi roƙo.

A na uku ya ce, "Tarwaɗa, Tasalla ko kuka ba ta iya yi yanzu."

Ta ce, "Ni ma uwa ce. Ba zan roƙe ka ba, yi abin da ka gani."

Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya sake ta. Damina ba ta ƙare ba aka binne Tasalla.

Da shekara ta zagayo aka cire sanda. Kifi har ya fi ƙarfin homa, gari ya cika da guɗa. Sarkin Ruwa da kansa ya zaɓi mafi girma ya kai wa Jatau.

Jatau ya duba ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Wa zai ci?"

Abin yana min ciwo har yau. In za ku rufe ruwa don gobe, ku fara duba wanda tukunyarsa ta yau ke wurin.

Ƙurunƙus, nan na ajiye ta.